Odita Tsakanin Mai Biyansa da Mai Tuhumarsa

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshenmu



Malam shugaban reshe, sakatare da sauran jami'ai, iyayenmu da suka ajiye alli amma suka amsa gayyatarmu, 'yan uwana malamai maza da mata, ina yi muku barka da warhaka.

Kwamitin ilimi na reshe ya ɗora mini nauyin yin magana a kan masu binciken asusun manyan kamfanoni, waɗanda muka fi sani da oditoci, da irin matsin da suke sha daga hukumomin da ke sa musu ido. Na tabbata akwai wanda ya ji wannan take ya ce a ransa, ina ruwan biri da gada? Albashi bai kai ƙarshen wata ba, wa ke ta kamfani? To, ruwanmu na nan tsundum. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, jihohin da suka shiga tsarin adashin gata kuma kowace da nata kason. Waɗannan kuɗi ba a tukunya ake binne su ba. Mafi yawansu rance ake ba gwamnatin tarayya, wani kaso kuma a saya mana hannun jari da shi a bankuna da kamfanonin siminti da na sadarwa da na abinci. Wanda jiharsa ba ta shiga tsarin ba ma, albashinsa ta banki yake biyowa, bankin nan kuwa kamfani ne da odita ke dubawa. Ga kuma iyayenmu da ke zaune a gaba, waɗanda da yawansu har yau akwai takardun hannun jari a ƙasan akwatinsu tun na shekarun 2005 zuwa 2008.

Bari mu fara da aikin kansa. Kamfanin da ya sayar da hannun jari ga jama'a yana da masu shi dubbai, waɗanda ba su san juna ba, ba su kuma taɓa taka ofishinsa ba. Daraktoci da manajoji ke juya dukiyar. Idan shekara ta ƙare, su ne kuma ke rubuta sakamako: mun sayar da kaza, mun kashe kaza, ana bin mu kaza, muna bin kaza, riba kaza. Mu malamai mun san abin da zai faru in aka bar ɗalibi ya duba takardar jarrabawarsa, ya kuma cika katin sakamakonsa da hannunsa. Saboda haka doka ta wajabta a kawo wani na waje, ƙwararren akanta, ya duba, ya sa hannu. A kan wannan sa hannu banki ke ba da rance, hukumar haraji ke yin lissafinta, masu kula da fanshonmu kuma ke yanke shawarar inda za su zuba kuɗi.

Sai dai jama'a sun ɗauki wannan sa hannu fiye da yadda yake. Odita ba ya bin rasit ɗaya bayan ɗaya. Bankin da ke da rassa ɗaruruwa yana yin shige da fice na kuɗi miliyoyin sau a shekara, babu mahaluƙin da zai iya karanta su duka. Abin da yake yi ya yi kama da na mai sayen hatsi a Dawanau: ba ya zazzage buhu ɗari, sai ya zaɓi 'yan kaɗan ya soka hannu, ya duba ƙwaya, ya yanke hukunci a kan sauran. Yana tsamo wasu takardu, ya rubuta wa bankuna su tabbatar masa da abin da ke ajiye, ya shiga sito ya ƙirga kaya, ya gwada ko ƙa'idojin kashe kuɗi na kamfanin suna aiki. Daga nan ya faɗi ra'ayinsa: ko dai asusun ya nuna gaskiyar halin da kamfani ke ciki, ko ya nuna in ban da wuri kaza, ko bai nuna ba sam, ko kuma an hana shi abin da zai kafa hujja da shi. Bai taɓa rantsuwa cewa babu ɓarawo a gidan ba.

Wannan saɓanin fahimta ya daɗe. A shekarar 1896 wata kotu a Ingila ta saurari ƙarar wata masaƙar auduga mai suna Kingston, inda manaja ya yi shekaru yana kumbura adadin audugar da ke sito, oditoci kuma suka karɓi takardar shaidarsa ba su ƙirga ba. Kotu ta wanke su, alƙali ya kwatanta odita da karen gadi, ya ce ba karen farauta ba ne. Oditoci sun daɗe suna fakewa a inuwar wannan magana. Ku riƙe zancen takardar sito, za mu sake cin karo da ita a Legas bayan shekara ɗari da goma.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen biya. A takarda, masu hannun jari ne ke naɗa odita a babban taronsu na shekara. A zahiri kuwa, shugabannin kamfani ke kawo suna, a ɗaga hannu, a wuce. Su ke daidaita ladan aikin, su ke sa hannu a biya, su ne kuma za su ba da shawarar ko a sake ɗaukar sa baɗi. Wato wanda ake bincika shi ne ke ciyar da mai binciken, in baki ya ci kuwa ido ke jin kunya. 'Yan uwanmu da ke koyarwa a wasu makarantun kuɗi sun san wannan zafi, ranar da aka ce musu a sassauta maki don kada uban yaro ya ɗauke shi ya kai wata makarantar. Bambancin kawai shi ne, makin da odita zai sassauta yana iya zama biliyoyin naira.

Amurka ce ta fara ɗanɗana kuɗarta a wannan ƙarni. Kamfanin makamashi na Enron ya durƙushe a Disambar 2001, bayan ya yi shekaru yana ɓoye basussukansa a wasu ƙananan kamfanoni da ya ƙirƙira. Mai binciken asusunsa shi ne Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manyan gidajen akantoci biyar na duniya a lokacin. A shekarar 2000 kaɗai, Enron ya biya shi dala miliyan 25 ladan bincike, da dala miliyan 27 ladan ba da shawara da wasu ayyuka. Ku duba, kuɗin shawara ya ɗara kuɗin bincike. Da wane baki zai ce wa irin wannan uban gida asusunka ba daidai ba ne? Da asiri ya fara tonuwa, sai ma'aikatan Andersen suka shiga kekketa takardu. Kotu ta same shi da laifi a 2002, gidan mai ma'aikata kusan 85,000 a duniya ya watse. Kotun ƙoli ta soke hukuncin a 2005, amma ina amfanin baɗi ba rai. Ma'aikatan Enron da aka zuba kuɗin ritayarsu a hannun jarin kamfaninsu, su ne suka kwana a ciki.

Majalisar Amurka ta mayar da martani da dokar Sarbanes-Oxley a Yulin 2002. Ta kafa hukuma ta musamman da ke binciken masu bincike, ta hana odita sayar wa kamfanin da yake dubawa nau'o'in shawara da dama, ta tilasta wa shugaban kamfani da shugaban sashen kuɗi su sa hannu da kansu cewa lissafin gaskiya ne, ta ce babban akantan da ke jagorantar binciken ya sauka bayan shekara biyar. Daga wannan lokaci zamanin da akantoci ke sa wa kansu ido da kansu ya fara ƙarewa, sauran ƙasashe kuma suka bi sahu.

Namu ya zo a 2006. Kamfanin Cadbury na Najeriya, mai Bournvita da TomTom, wanda ake buga misali da shi wajen kyakkyawan shugabanci, sai ga shi an gano ya yi shekaru yana kumbura asusunsa da abin da ya kai kimanin naira biliyan 13. Daga cikin dabarun da binciken ya bankaɗo akwai tura wa dillalai kayan da ba su nema ba a rubuta an sayar, da jinkirta rubuta kuɗin da aka kashe, da takardun bogi na shaidar kaya a sito. Ga takardar sito ta dawo. Aka sallami manajan darakta da daraktan kuɗi. A 2008 hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari ta ci tarar gidan Akintola Williams Deloitte, mai binciken asusun, naira miliyan 20 saboda rashin zurfafa bincike. Abin ya yi wa mutane ciwo, domin sunan da gidan ke ɗauke da shi na marigayi Akintola Williams ne, ɗan Najeriya na farko da ya zama cikakken akanta, wanda ya kafa gidan a 1952, ko da yake ya daɗe da yin ritaya kafin wannan badaƙala. Ku kuma auna miliyan 20 da biliyan 13, ku gani ko wannan tara za ta hana wani barci.

Na bankuna ya fi taɓa mu. Lokacin da Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, suka bazama neman kuɗi a hannun jama'a. Ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure aka yi ta cika fom. Kowace shekara bankunan na shelar riba mai tsoka, ga sa hannun odita a ƙasa. Kasuwar ta kai ƙololuwa a Maris ɗin 2008, daga nan ta rikito, ta zubar da fiye da rabin darajarta cikin shekara guda. Ranar 14 ga Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, Oceanic da Intercontinental da Union da Afribank da Finbank, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su faɗi. Da aka ƙara wasu daga baya, kuɗin ya kai biliyan 620. Jami'an Babban Banki da na hukumar inshorar ajiya ne suka shiga suka gano tulin rancen da ba zai biyu ba, wanda aka ba masu cacar hannun jari da masu shigo da mai. Tambayar da kowa ya yi a lokacin ita ce, littattafan da waɗannan jami'ai suka buɗe, ba su ne oditoci suka duba ba? An ceci masu ajiya. Masu hannun jari kuwa, irin na Afribank da gwamnati ta karɓe a 2011, takarda kawai ta rage a hannunsu.

Daga nan dokoki suka yi ta zuwa. A 2011 aka kafa hukumar FRC mai kula da rahoton kuɗi, wadda kowane akanta mai sa hannu a asusun babban kamfani sai ya yi rajista da ita, lambarsa ta bayyana a ƙarƙashin sunansa. Daga 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka koma rubuta asusunsu bisa ƙa'idojin ƙasa da ƙasa. Kundin shugabancin kamfanoni na 2018 ya ce kada gidan bincike ɗaya ya wuce shekara goma a jere yana duba kamfani ɗaya, kada kuma ya dawo sai bayan shekara bakwai. Hikimar a fili take, sabo turken wawa ne. Wanda ya shekara ashirin yana shan shayi a ofishin daraktan kuɗi, yana halartar bikin 'ya'yansa, da wuya ya iya ɗaure fuska ya ce buɗe mini wancan kundi.

To amma kada mu ɗauka yawan doka ya rufe ƙofa. Tarayyar Turai ta yi nata tsauraran dokokin tun 2014, duk da haka a 2018 kamfanin Carillion na Birtaniya, mai gina asibitoci da hanyoyi, mai kuma ciyar da yara a ɗaruruwan makarantu, ya faɗi warwas, ya bar asusun fanshon ma'aikatansa da wawakeken giɓi. KPMG ya shekara 19 yana duba shi. A 2023 aka ci tarar sa fam miliyan 21. Na Jamus ya fi ban mamaki. Kamfanin Wirecard ya ce yana da yuro biliyan 1.9 ajiye a bankuna biyu a Filifins. A Yunin 2020 bankunan suka ce ba su san zancen ba, takardun na jabu ne. EY ya yi kusan shekara goma yana sa wa asusun hannu. Abin da ɗalibin akanta ke koya a farkon karatu, wato ka tambayi banki da kanka, kada ka dogara da takardar da mai gida ya miƙo maka, a nan aka yi sakaci. Ita kuwa hukumar da ke kula da kasuwar kuɗi ta Jamus, da 'yan jaridar Financial Times suka fara tona zancen, su ta kai ƙara. Ashe mai sa ido ma yana bukatar mai sa masa ido.

Adalci ya sa in juya in faɗi ta bakin oditoci, domin su ma gaba kura ce baya sayaki. Idan ya tsananta, kamfani ya sauya shi. Idan ya sassauta, hukuma ta ci tarar sa, masu hannun jari su maka shi kotu. Akwai kuma wata tsaka mai wuya da ba a cika faɗa ba: doka ta ce ya bayyana in yana shakkar kamfani zai kai baɗi. Ranar da ya rubuta haka a kan banki, washegari masu ajiya za su yi layi, bankin da wataƙila zai farfaɗo ya mutu saboda maganarsa. In ya yi shiru kuma bankin ya mutu, a ce ina yake. Sannan babban ɓangare na asusun zamani ƙiyasi ne. Nawa ne daga cikin rancen da banki ya bayar ba zai dawo ba? Nawa injin da aka saya da dala yake a yau? Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa kusan 900 kafin ƙarshen shekara, kamfanoni masu bashin dala suka wayi gari cikin asara. MTN na Najeriya, duk da cinikinsa ya ƙaru, ya bayyana asarar naira biliyan 137 a wannan shekara. A irin wannan yanayi kowane adadi abin jayayya ne tsakanin odita da manajoji, ga wa'adin miƙa rahoto na ƙaratowa, ga ƙwararrun matasan da ya horar suna ta ficewa ƙasashen waje.

Ita ma hukumar hannunta a ɗaure yake. Tun bayan mutuwar Andersen manyan gidajen bincike huɗu suka rage, Deloitte da PwC da EY da KPMG, su ke duba kusan dukkan manyan kamfanonin duniya, har da manyan bankunanmu. In an ce kamfani ya sauya odita, daga wannan ya koma wancan ne cikin huɗun nan. In hukuma ta kashe ɗaya, saura uku. Shi ya sa hukuncin da Jamus ta yanke wa EY a 2023 bai wuce tarar yuro 500,000 da hana shi karɓar sababbin manyan kamfanoni na shekara biyu ba. Kowa na tsoron a sake yin na Andersen, su ma gidajen sun san ana wannan tsoro.

A ganina, yawancin waɗannan dokoki ihu ne bayan hari, kuma sun fi ƙara yawan takarda a kan ƙara ƙarfin zuciya. Mu ma mun san wannan a aji. Jami'in duba makarantu zai zo ya tarar da tsarin darasi a rubuce tsaf, rajista a cike, kowane shafi da sa hannu, ya rubuta rahoto mai kyau ya tafi, alhali rabin 'yan aji huɗu ba sa iya karanta jimla guda. Odita ma yana iya cika kowane gurbi da hukuma ta tanada, ya tara kundi ya fi tsayinsa, bai yi tambaya ɗayar da ta kamata ba. Ban ce a soke dokokin ba. Raba bincike da sayar da shawara ya yi amfani, sauya odita ya yi amfani, tilasta wa shugaban kamfani ya sa hannu da kansa ya fi su duka, domin shi ne ya rubuta ƙaryar tun farko, kuma bai kamata a bar jaki a daki taiki ba. Amma muddin wanda ake bincika shi ke zaɓa, shi ke biya, tushen cutar na nan. An sha kawo shawarar a mayar da zaɓen odita hannun wata hukuma mai zaman kanta, kamfanoni su zuba kuɗin a asusu guda. Masu suka suna cewa a ƙasa irin tamu wannan zai mayar da aikin kwangilar da ake nema da kamun ƙafa, ni ma ina jin nauyin wannan suka.

Akwai ƙofa ɗaya da dokarmu ta bar mana a buɗe, ba mu cika shiga ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kowane kamfanin jama'a ya kasance da kwamitin bincike mai mutum biyar, uku daga cikinsu wakilan masu hannun jari, biyu daraktocin da ba sa cikin gudanarwa. Wannan kwamiti ke da ikon zama da odita, ya ji abin da ya gano, ya ba da shawara a kan naɗa shi da ladansa. Rinjaye na hannun masu jari ke nan, in sun halarci taro, in kuma ba su sayar da ƙuri'arsu a kan jakar tsaraba da kuɗin mota ba. Wanda ke da hannun jari a cikinmu, idan rahoton shekara ya zo, ya tsallake hotunan daraktoci ya nemi shafin odita. A nan akwai sashen da yake lissafa batutuwan da suka fi ba shi wahala a binciken. Ya duba kuma nawa aka biya shi ladan bincike, nawa na wasu ayyuka, shekara nawa ya yi a wurin. Mu masu asusun fansho kuwa, muna da haƙƙin tambayar kamfanin da ke riƙe da kuɗinmu yadda yake kaɗa ƙuri'a da sunanmu a irin waɗannan taruka, ƙungiya ta fi mutum ɗaya bakin yin wannan tambaya.

Malam shugaba, kafin in zauna ina da roƙo a kan abin da ke cikin gidanmu, wato asusun taimakon juna na reshe, wanda ake cire mana kuɗinsa kowane wata. Ban zo da zargin kowa ba, ma'ajinmu mutumin kirki ne, abin da zan faɗa ma kariya ce gare shi. Ina roƙon a sa cikin ajandar taro mai zuwa cewa mambobi ne za su zaɓi mai binciken asusun a zauren taro, ba jami'ai ba, kada ya wuce shekara uku a jere, ya karɓo bayanin ajiyarmu daga banki da hannunsa, ya kuma tsaya a gabanmu ya karanta rahotonsa da Hausa, mu yi masa tambayoyi. In an amince, zan miƙa wa sakatare wannan roƙo a rubuce kafin mu tashi.